Wayar da Na Yanke a Hanyar Maradi

Ni mutumin Agiye ne, ɗan manoma. A shekarun da ƙasa ta samu mulkin kai ina saurayi, sai kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya samo mini aikin lebura a gidan waya. Mukan bi turakun waya daga Gazawa har kusa da Maradi, muna share ciyawa, muna sare rassan da ke taɓa ta. Lokacin duk garinmu tarho ɗaya ne, a buro, wato ofishin hukuma.

Da guntayen waya na fara sata. In an yi gyara, sai in tsince ragowar jan ƙarfen in kai wa wani maƙeri, shi kuma ya yi wa mata mundaye. Wata rana ya ce guntaye ba su isarsa, in yanko masa mai tsawo. Na ce ba ni iyawa. Bayan mako biyu na iya. Da tsakar rana nake hawa turke, lokacin da zafi ya kori kowa daga hanya. In an zo bincike, ina cikin masu cewa aikin makiyaya ne.

Cikin damina, kwana ɗaya bayan na yanke mai tsawo, maciji ya sari kawu a gonar gyaɗa. Muka kai shi ɗakin magani. Malamin asibitin ya ce allurar dafin maciji ta ƙare, sai a kira Maradi a turo mota. Ni na ruga buro. Mai tarhon ya yi ta murza hannun akwatin yana sa kunne, shiru. Ya ce, "Wayar ta mutu tun jiya. Allah Ya isa ga wanda ya yi wannan."

Na san turken, na san itacen da ke kusa da shi. Wayar tana naɗe a ƙarƙashin gadona. Ko na ɗauko ta, mai haɗawa yana Maradi. Aka tashi mutum a kan doki, na koma na zauna gefen kawu. Ƙafarsa ta kumbura har cinya. Ya tambaye ni, "Ɗana, sun ce suna tafe?" Na ce suna tafe. Ya cika bayan la'asar.

Ranar sadakar uku na ɗauki wayar na kai kaina wurin jandarma. Na yi shekaru a gidan kaso. Matar kawu ba ta taɓa zuwa ba, ban kuma ga laifinta ba. Da na fito na je neman gafara. Ta ce ta yafe nata, na mamaci kuwa ba a hannunta yake ba.

Na tuba, ina roƙon Allah har gobe. Yanzu ina jin samari na kwance batura a gindin eriyar salula, wai kayan kamfani ne. 'Ya'yana, ku bari. Ba ku san wanda ke riƙe da waya yana jiran a ɗauka ba.