Akushin Baƙo da Lawali Jaka Ya Bar Mana

Shekara takwas ke nan da muka kai Lawali Jaka makwancinsa a Ƙaura Namoda. Bari in faɗa tun da wuri, ba harsashi ne ya kashe shi ba, don yanzu da zarar ka ce mutumin yankinmu ya rasu, abin da ake fara tambaya ke nan. Ciwon ƙoda ne ya cinye shi a hankali. Ni Shehu direba ne, ba marubuci ba, amma a motata Lawali da yaransa suka yi yawon wasa shekara da shekaru, kuma abin da ya faru bana ya hana ni yin shiru.

'Yan tasha ne suka laƙaba masa Jaka, don ba ka ganinsa sai da jaka a kafaɗa, ko ya baro wata ƙungiya ko zai tafi wata. Lamba tara yake bugawa, ɗan gaba mai cin ƙwallo. Ya buga a Gusau, ya buga a Sakkwato da Kaduna, ya ƙetara Maraɗi, ya gangara kudu har garuruwan da bakina ba ya iya faɗin sunansu. Babu inda ya cika shekara uku. Kuma kada in yi wa mamaci ƙarya, ba wani gwani ba ne na a zo a gani. Ba shi da gudu, bai iya yanka ba. Da ka yake ci, da gwiwa, da ƙauri, wata rana har da ƙeya. In na tsokane shi sai ya ce, "Kai Shehu, ka taɓa jin raga ta tambayi da mi anka buga?"

Bai dawo gida da kofi ba. Ya dawo da gwiwar da ta lalace, da kuma haushin yadda ake yi wa baƙo a harkar ƙwallo. Ya sha ba ni labarin garuruwan da aka jefe su da duwatsu, aka hana su ruwan sha, suka kwana cikin mota da yunwa. Abin ya tsaya masa a rai har ya mutu.

Da ya koma koyarwa ma jakar ba ta sauka ba. Ya fara da matasan Ƙaura, aka yi baram-baram saboda ya ƙi sa ɗan wani mai hali a wasa. Ya tafi Shinkafi, ya tafi Zurmi, ya sake dawowa. Mutum ne mai zafin rai, ni kaina mun yi watanni ba ma gaisawa. Amma yawon nan ne ya sa garuruwan uku kowanne na ganinsa nasa, har ya haɗa musu wasan zagaye duk kaka, bayan an kai gero gida.

Doka ɗaya ya kafa, kuma a kanta ba ya jin roƙo. Ƙungiyar da ta zo baƙunta ba ta zuwa da guzuri, ba ta sayen abinci a kasuwa. Kowane ɗan wasa gidan wanda zai tsare shi a fili zai sauka da hantsi, su ci tuwo a akushi ɗaya, sannan bayan la'asar a fita a kara. Mutane sun yi ta dariya, wa ke gudu da tuwo a ciki? Shi kuwa ya ce yaron da uwar wani ta zuba masa miya da rana ba zai karya ƙafar ɗanta da yamma ba. An ci gaba da faɗa a fili, ba na musu, amma ban taɓa kwaso yaro da karaya ko rotse daga Zurmi ko Shinkafi ba. Shi kansa gidan Garba yake sauka a Zurmi, tsohon mai tsaron baya da suka sha gwabzawa suna samari.

Bayan rasuwarsa mun ci gaba, amma abin na ta ƙanƙancewa. Shinkafi ce ta fara yankewa, don iyaye sun ƙi sakin ɗiyansu a hanyar, kuma wa zai ga laifinsu? Sai Zurmi ma muka yi shekaru ba mu je ba. Wasu daga cikin yaran da na ɗauka suna waƙa a bayan mota sun gudu birni, wasu suna ƙasa, akwai wanda har yau ba a san inda yake ba. Nakan tambayi kaina me Lawali zai ce da ya ga wannan zamani. Na san zai yi masifa, sai dai ban san wa zai yi wa ba.

Bana ɗansa Mustafa, wanda yanzu shi ke koyar da matasan unguwarsu, ya same ni a tasha. Ya ce, "Baba, ko da yara sha ɗaya ne mu je Zurmi. In munka bari bana ma, shi ke nan, abin babana ya mutu." Ya riga ya bi gida gida ya shawo kan iyaye. Ya gano ranar kasuwar da motoci ke bin bayan sojoji. Wallahi na ji tsoro, amma na ji kunyar Lawali ta fi. Na ce to, bari mu kira Garba, shi ke riƙe da yaran Zurmi yanzu.

Na buɗe muryar wayar don Mustafa ya ji. Garba ya bari na gama faɗa masa nufinmu. Sannan ya ce, "Shehu, kar ku taho." Na fara yi masa bayanin rakiyar sojoji, ya katse ni. "Ba maganar hanya nika yi ba. Damina biyu ba mu shiga gona ba. In kun taho, mi za mu aza gaban yaranku?"

Mustafa ya yi saurin cewa za mu zo da geronmu. Garba ya ce, "Ɗana, in ka kawo za mu amsa, don muna so. Amma wannan taimako ne. Wasan ubanka, mai gida ka ciyar da baƙo. Ba ni tsayawa fili in kalli yaran da sunka ciyar da mu a garinmu."

Haka aka yi. Matasan Ƙaura suka haɗa abin da suka iya, kowa da tiyarsa. Ranar kasuwar na jera buhuna a kujerun da 'yan wasa ke zama, na bi bayan sojoji ni kaɗai. Gonakin gefen hanya duk ciyawa ta cinye su. Ban kunna rediyo ba har na isa.

Garba ya tsufa fiye da shekarunsa. Ya sa aka sauke buhunan, ya yi godiya, ya ce ba zan juya ba sai na ci abinci, don baƙon Lawali ba ya barin gidansa da yunwa. Na zauna a zaure ina jin ana daka a cikin gida, na kuma san geron da ake dakawa. Da aka kawo akushin ya ajiye a gabana, ya buɗe, ya koma bakin ƙofa ya zauna yana kallon waje.

Ƙwallayen da Lawali ya ci babu mai tuna su, ƙungiyoyin da ya bugawa wasu ma sun watse. Abin da ya rage nasa shi ne wannan doka, kuma ta kama zukatan mutane da ƙarfin da ya sa dattijo ya gwammace a fasa wasan da a karya ta. Ban san ko in kira wannan nasara ba. Allah Ya jiƙan Lawali, Ya sa ya huta.

Na ce, "Garba, taho mu ci mana." Bai juyo ba. Ya ce, "Ci abinka, Shehu. Ranar da na noma nawa, sai mu sa hannu tare."