Kanyar Bayan Katanga

A bayan gidanmu da ke gefen Titin Bauchi ina da bishiyar da muke kira kanyar Turawa. Dangin kanyarmu ta daji ce, sai dai 'ya'yanta sun kai girman tumatir, in sun nuna su yi jajir, su yi laushi. Maƙwabcina ne ya ba ni dashen, wani Ibo mai shagon kayan famfo. Guda biyu ya samo a wani lambu da ke Kuru, ya dasa ɗaya a gidansa, ya miƙo min ɗaya ta kan katanga. Tawa ta yi ta haihuwa har muna rabo a unguwa. Tasa kuwa sai fure, ko ɗa ɗaya ba ta taɓa yi ba, ni kuma ban bar shi ya huta da tsiya ba.

Da gari ya rikice, kowa ya fara neman unguwar da zai yi barci da ido biyu rufe, sai ya sayar da gidan ya koma can wani gefen gari. Wanda ya saya ya sare duk abin da ke tsakar gidan, ya jera shaguna.

Daga nan bishiyata ta lalace. Ta yi fure tsaf, ta ɗaura 'ya'ya ƙanana, ko girman goruba ba su kai ba, sai in tashi da safe in tarar da su a ƙasa, kore shar. Na ce yunwa ce, na zuba kashin kaji. Ganye ya yi yabanya, 'ya'ya suka zube. Aka ce taki ya yi yawa, na daina. Aka ce ruwa ke kwanciya a gindinta, na haƙa lambatu har bayana ya riƙe. Na barbaɗa toka, na yi feshi. Wani ya ce in kafa mata ƙusa, ni da girmana na kafa. Kowace damina haka nake tsugunawa ina tsince su, raina a ɓace, in mai ɗakina ta yi magana in hau ta da faɗa ba gaira ba dalili.

Ana cikin haka babban ɗana ya tashi aure. Babu inda za a yi masa ɗaki sai wurin bishiyar. Yaron bai taɓa ɗaga min murya ba, cewa kawai ya yi, “Baba, inuwa ce fa kaɗai ta rage.” Na roƙe shi damina ɗaya, ni uba ina roƙon ɗana. Daminar ta zo ta yi min irin ta kullum.

Sai na hau Keke Napep na je neman tsohon maƙwabcina, abin da na daɗe ina jin nauyin yi. Na same shi a ɗakin haya, ya tsufa, tsakar gidan duk siminti ne. Ya rungume ni, matarsa ta kawo min ruwa. Da na gama kora masa bayani sai ya dafe kai.

“Alhaji, ba ciwo ba ne. Nawa namiji ne, naka mace. Ƙudan zuma yana ɗauka gari daga fure na nawa, ya kai ma naka.”

“To me ya sa ba ka taɓa gaya min ba, ina ta yi maka dariya?”

“Kana kawo mana a kwano, yara suna sha. Me zan faɗa kuma?”

Na tambaye shi ko za a sami wani namijin. Ya ce lambun Kuru ya daɗe da zama gidaje. Da ma reshe ɗaya ya tsira daga tasa, da an aura shi a jikin tawa, ya ci gaba da fure a can. Ko an samo iri daga nesa, sai ya yi shekaru kafin a gane namiji ne ko mace. Muka dubi juna, ni da shi duk furfura.

A hanyar dawowa na ji baƙin cikin da ban ji ba ko ranar da ya kwashe kayansa. Da na shiga gida na tarar da ɗana yana wanke babur. Na ce masa ya kira mai saran itace gobe, amma ya bari sai na tafi kasuwa.