Garin da Aka Ɗora Mana Bisa Dutse

A sabon garin da aka mayar da iyayenmu bayan ruwan Kainji ya cinye tsohon, can ƙasar Ngaski, babu rijiya mai ruwa. Akwai dai ramukan da maza suka haƙa, suka ci karo da dutse, suka haƙura. Tafki muke zuwa ɗiba, tafiya mai nisa, kuma ruwansa muke sha. Kusan duk yaron unguwarmu ya yi fitsarin jini, har muka ɗauka alamar girma ce.

Da almuru, in Inna ta jera kifi bisa wutar banda, mukan kewaye Kaka Dije, mahaifiyar babanmu. Ba ta da fara'ar masu tatsuniya. Takan ja tsaki, ta gyara itace, ta ce mu matso, ga ta nan ta iso.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta Ruwa. Wai Ruwa baƙo ne, dare ya yi masa a hanya, ya je gidan Dutse ya yi sallama. Dutse ya ce babu masauki, ya ja ƙofarsa. Ya wuce gidan Laka, ta karɓe shi hannu biyu, amma ta hana shi fita ko gaisuwa, da ƙyar ya kuɓuta. Sai Yashi, talaka, ya ce masa ya shigo: ɗakunansa ƙanana ne amma suna da yawa, kuma duk wanda ya zo kiransa ba za a hana shi fita ba. Tun daga ranar Ruwa yake kwana gidan Yashi.

A nan muryarta kan canza. "To ku gaya mini," takan ce, "mi muka yi musu da suka aje mu ƙofar Dutse?"

Mu dai dariya muke yi, ba mu san da wa take ba. Shekarar da ƙanwata Hajo ta rasu da gudawa, bayan damina ta gurɓata tafki, Kaka ba ta yi kuka gabanmu ba. Tatsuniyar ce ta daina yi, ko mun roƙa.

Na girma na zama malamin makaranta a Yelwa. Wata rana wani abokina mai aikin awon ƙasa ya nuna mini tsohuwar taswirar yankinmu, ta kafin a tare kogi. Na ga tsohon garinmu da alamun rijiyoyi jere a bakin fadama. Na ga wani rafi mai yashi gabas da inda muke yanzu, wanda ruwan Kainji bai kai gare shi ba. Tudun da aka ɗora mu kuwa an zizzana shi, an rubuta dutse. Abokina ya ce da irin wannan taswira aka yi aikin tashin garuruwa, kuma wataƙila tudun ya fi sauƙin kai kayan gini.

Da rashin sani ne da na yafe. Sun sani, yana zane a gabansu, suka zaɓi inda mota za ta isa.

Bara aka kawo injin haƙa burtsatse garinmu. Na tafi da kwafin taswirar, na nuna wa shugaban aikin rafin nan. Ya duba, ya ce gaskiyata ce, amma an riga an ba shi wuri, kusa da gidan wani babban mutum. Suka haƙa, ƙura ta yi ta fita, suka kafa allo mai fenti suka tafi. Na yi masifa har dattawa suka ce in ji tsoron Allah in yi shiru. Washegari na ga 'ya'yan ƙanena da jarkoki a kan hanyar tafki.

Ina yaro na ɗauka abin da Kaka ke koya mana shi ne a mutunta baƙo. Sai yanzu na gane ƙara take kaiwa, kuma mu yara ne kaɗai alƙalan da ta samu. Mu kuma muka yi ta dariya.