Gyaɗar 'Yan Ajin Malama Keziya

Duk wanda ya tashi a Tudun Wada wajen 1955 ya san Malama Keziya, gajeriyar nan mai baƙar lema, 'yar wani ma'aikacin reluwe. Shekara goma sha biyu tana koyar da 'yan mata a wata makarantar mishan, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ba haƙuri ne ya yi mata yawa ba, kallonta kawai ya isa.

A daminar shekarar 'yan ajinta suka noma gyaɗa a bayan makaranta. Su suka shuka, su suka cire, hannuwansu duk kanta. Da kaka ta yi, Baba Ɗantsoho mai gadi ya kwashe buhu uku ya kulle a ɗakinsa, wai kada ɓera ya ci. Aka yi mako uku ana tsaron ɓera. Ga shi da gyaɗar za su yi ƙuli-ƙulin bikin rufe makaranta, saura kwana huɗu.

Malama ta tura su karɓowa. Suka dawo da murna, kowacce da 'yar gyaɗa a tafin hannu.

"Yaya kuka yi?" ta tambayi Ishatu, babbarsu.

"Durƙusawa muka yi, Malama, muka ce don Allah Baba a taimaka mana. Ya ɗibar mana, muka yi godiya."

Abin ya yi wa Keziya ciwo. An yi wa yara sadaka da guminsu, har sun gode, kuma ita ce ta koya musu wannan ladabin.

"Ku zauna," ta ce. "Gaisuwa haƙƙin Baba ce, ku durƙusa ku ba shi ita cikakkiya. Gyaɗa kuwa taku ce, ba a roƙonta. Miƙewa za ku yi, ku faɗi abin da kuka zo ɗauka da yawansa, ku yi shiru. Ban da zagi, ban da kuka, kuma kada wadda ta tafi."

Suka koma su ashirin da biyu, ita tana hangensu daga gindin mangwaro. Suka durƙusa suka gaishe shi, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Sannan suka miƙe gaba ɗaya.

"Baba, mun zo ɗaukar gyaɗarmu, buhu uku," in ji Ishatu.

Tsoho ya yi dariya, ba wadda ta taya shi. Ya yi faɗa, ba wadda ta motsa. Masu wucewa tasha suka fara tsayawa kallo. Can dai ya lalubo mabuɗi a aljihu.

Da aka fito da buhunan, na ukun ya sha ɗiba. Keziya ta matso da niyyar cewa a bar shi haka, an yi nasara. Sai Zinariya, ƙaramar ajin, wadda ko amsa sunanta da ƙyar take yi, ta riga ta magana.

"Baba, wannan bai cika ba. Za mu jira."

Keziya ta haɗiye maganarta, daɗi ya cika ta, ta shiga layin yaran ta tsaya. Ɗantsoho ya koma ɗaki ya fito da mudu cike da gyaɗa, ya fara cika buhun.