Iya Ta Riga Ƙasa

A shekarar da ake shirin karɓar 'yancin kai ina koyarwa a elementare ta Rano, kuma ciwon rubutu ya kama ni sosai. In an tashi daga makaranta sai in baje tabarma a zaure, in ɗora takarda a gwiwa, in yi ta zuba wa jarida wasiƙu. Da ƙyar akan buga ɗaya, amma hakan bai hana ni jin kaina ba. Ra'ayina guda ne, kullum shi nake juyawa: ƙasar da ba ta mallaki kanta ba baiwa ce, ko da an yi mata ado.

Ran Alhamis nakan hau keke in tafi gida Kibiya. A gidanmu akwai wata tsohuwa da muke kira Iya. Ita ta goyi mahaifina, ta goye ni, kuma ban taɓa tambayar yadda muke da ita ba. Na tashi na gan ta a ɗakin da ke kusa da rumbu, shi ke nan.

Wata Juma'a da hantsi tana ɓare gyaɗa, ni kuma ina karanta wa ƙannena wasiƙata da aka buga, ina ɗaga murya don maƙwabta su ji. Da na kai aya sai ta ce, "Malam ƙarami, wannan 'yancin da za a raba, a ina ake rubuta suna?"

Muka kwashe da dariya. Na gyara zama na shiga yi mata bayani, cewa ƙasa za a 'yanta ba mutum ba, kuma ai Turawa sun hana bauta tuntuni.

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Bature bai saye ni ba, balle ya sake ni. Kakanka ne. Ya ce zai 'yanta ni, rai ya yi halinsa bai furta ba. Babanka kuma nauyin maganar ya ji har ya rasu."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ina can ina yi wa Turawa faɗa a takarda, ashe wadda take dama mini fura bakina take jira, don ni ne babba a gidan.

Na ce, "Haba Iya, ke da kike uwarmu?"

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. So nake dai in mutu ba a hannun kowa ba."

Da aka sakko daga masallaci na roƙi liman da wani dattijo maƙwabcinmu suka shigo shaida, ƙannena suna tsaye. Na ce, "Iya, mun 'yanta ki saboda Allah."

Ta ce in rubuta. Na yago takarda daga littafin da nake tsara wasiƙun jarida, na soma da boko. Ta leƙa ta ce a'a, da rubutun allo take so. Ba ta iya karanta ko ɗaya ba, amma ta san wanda ta yarda da shi. Na sake da ajami, ta ninke ta ƙulle a bakin zane, ta koma kan gyaɗarta.

Bayan 'yan makonni aka yi bikin 'yancin kai. Na zo gida murya a shaƙe don ihu, na ce, "Iya, ƙasa ta samu 'yanci!"

Ta shafa ƙullin zanenta ta ce, "Madalla, Allah ya sa ta iya riƙewa. Ashe na riga ta."