Abin da Hafsa ta rubuta a kaina

Jiya da la'asar na tako a ƙafa daga makarantar da nake koyarwa a Tarauni zuwa gida Gyaɗi-Gyaɗi, sai na tarar da littafin 'yata Hafsa a buɗe kan tabarma. An ce su yi jimla da kalmar "stingy". Ta rubuta: "My father is stingy." Malamarta har ta ba ta maki da jan biro.

Tun shekarar da soja suka koma bariki nake koyar da Turanci, kalma ba ta taɓa sukata haka ba.

Na kira ta, na ce, "Hafsa, stingy fa marowaci ke nan, wanda yake da shi ya hana. Mai tattali don abin ya kai shi ƙarshen wata, thrifty ake ce masa."

Ta ce, "Na sani, Abba. Ai duk ranar da na ce takalmina ya tsinke, cewa kake akwai, sai gobe. Ba ka taɓa cewa babu ba."

Mahaifina bai taɓa furta babu a gabanmu ba, ni ma haka na tashi. Ashe rufin asirin da nake yi, rowa yarinyar take gani.

Yau da safe ta sake nuna min takalmin. Na buɗe baki zan gaya mata gaskiya, sai na ji kaina ina cewa, "Sai gobe."

Iyaye, ku gaya min: gara ɗanka ya ɗauke ka marowaci, ko ya san ba ka da shi?