Gurar da Sahabi ya koma buɗewa

Shekara shida ke nan da aka kashe ƙanena Sahabi a bakin gulbi, gabas da Gummi. Ban iya dogon rubutu ba, zan faɗe shi yadda ya faru.

Mu masunta ne, kififiya a wurinmu nama ce. Sai wasu malaman jami'a suka zo suna son sanin yawanta a gulbin, suka ɗauki Sahabi aiki. Yakan sa ruɓaɓɓen kifi cikin gura, wato tarkon kifi mai kama da kwando, ya ɗaure ta jikin turke, kanta a saman ruwa, don kififiya iska take shaƙa. In ruwa ya rufe gurar, mutuwa za ta yi. Wadda ya kama sai ya karce gefen ƙoƙon bayanta da zarto don shaida, ya sake ta. Na sha yi mai dariya, na ce shi kaɗai ne masunci mai jefar da miya.

Ranar da 'yan bindiga suka faɗo ƙauyenmu da hantsi, sun harbe limami a ƙofar masallaci, suka cinna wa rumbuna wuta. Muka tsere Gummi. Aka yi ruwa mai yawa, gulbi ya fara cika. Da safe Sahabi ya ce zai koma ya saki kififiyun da ke cikin gurorinsa. Inna ta riƙe mai riga, ta haɗa shi da Allah.

Ya ce, "Inna, ni na rufe su. In ban tafi ba, ni na kashe su."

Da la'asar muka same shi. Sun ɗaure hannayensa da igiyar gurarsa, suka harbe shi a ƙeya. An ce ɗan leƙen asiri suka ɗauke shi. Gurorin kuwa duk a buɗe suke kan yashi.

Yau masu wankin zinare sun dama ruwan ya koma ja, malaman ba su sake dawowa ba, masu bindiga kuma na nan. Da Sahabi zai gani, ban san ko zai gane gulbin ba. Har yanzu ina jin haushinsa. Mutum da 'ya'ya, ya ba da ransa kan kififiya.

Bana wata ta shiga gurata, ƙatuwa, da karcen zarto a gefen ƙoƙonta. Gidana mun daɗe ba mu ga nama ba. Na juya ta, na daɗe ina kallon wurin, wuƙa na hannuna.

Miyar kuka lami muka sha ranar. Allah Ya jiƙan Sahabi.